Tsirkiya Mai Sulɓi

Jakara, Kano.

Zuwa ga aminina Audu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da uwargida 'Yardada da yara da sauran mutanenmu na Agege. Yaya kunnen kuma? Da yana ji kamar da, da ban wahalar da kaina da biro ba. Amma ka tuna kiran da na yi maka bayan salla, ina tambayar ka jikin 'Yardada kana ba ni labarin ambaliya. Ganga ta gama da kunnenka, Audu, sai dai mu koma rubutu irin na iyayenmu. Mu nan lafiya ƙalau, maiɗakina Talatu tana gaishe ku.

Wata hidima zan ɗora maka. Ina so ka daure ka shiga kasuwar Alaba ka nemo mini tsirkiyar jitar bes, jitar nan tawa mai kaurin murya, amma ba irin wadda ka san ni da ita ba. Tawa mai kaushi ce, in ka shafa ta sai ka ji tana cizon yatsa. Wadda za ka sayo mai sulɓi ce, da ƙarfe mai faɗi ake naɗe ta, masu shago suna ce mata filat. Kada ka ce ni ne na canza ra'ayi da tsufana. Nazeer ne yake so.

Ka dai gane Nazeer, ɗan marigayi Bashir shugaban ƙungiyarmu, wanda yake yi mana fitsari a cinya lokacin da muke gwajin kiɗa a soron gidansu. To yanzu shi ne mai situdiyo a Shahuci, kuma a wurinsa nake ɗan taɓa aiki. Ba sai na gaya maka yadda kiɗa ya koma a garin nan ba, tunda kai abin ya fara kora zuwa Ikko. Ganga, kalangu, sarewa, duk daga cikin fiyano suke fitowa, mutum ɗaya ya zauna ya yi ta dannawa. Ni kaɗai na rage da ake kira in zo da hannuna, saboda har yanzu bes ɗin fiyano ba ya shiga ƙirji. In wannan ya tafi, Audu, ban san me zan tashi in yi da safe ba.

Ranar Laraba bayan mun gama ɗaukar wata waƙar biki, sai Nazeer ya rako ni har bakin titi, abin da bai saba ba. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce wai ƙarar da yatsuna suke yi in suna zamewa a kan tsirkiya, ɗan ƙiii ɗin nan, tana ɓata masa aiki a kwamfuta, wai mai sulɓi ba ta yin haka. Ya ce shi zai ɗauki nauyin sayen. Nan take na tsargu. Yaron da ko goro bai taɓa miƙo mini ba, yau shi ne da kyauta?

Na juya maganar nan ta kowace fuska, ga abin da na gano. Nazeer ba zai iya duban idona ya ce in daina zuwa ba. Ni abokin ubansa ne, Baba yake ce mini, dole ya yi mini kara. To sai ya haƙa mini rami. Ya san hannuna a kan mai kaushi ya tsufa. In aka sa mini mai sulɓi, yatsu su yi ta zamewa, in yi ta kuskure a gaban mawaƙa, sai ni da kaina in ji kunya in janye, shi kuma ya ɗauko wani daga Sabon Gari cikin masu kaɗa wa coci. Talatu ta ce zargi ya yi mini yawa. Na ce mata zargin ne ya kawo ni waɗannan shekaru da mutuncina.

Zan karɓa, kuma zan ba shi mamaki. Saboda haka ka buɗe ido wajen zaɓe. Ta jita mai tsirkiya huɗu za ka saya, doguwa, don jitata dogon wuya gare ta, in tsirkiya ta gaza an yi aikin banza. Kaurin ya zama matsakaici, mai kauri sosai tauri gare ta, za ta gajiyar da ni. Kada ka bari su yanke maka ita a jiki wai don ta yi daidai, warwarewa take yi. Sannan ka san halin wasu 'yan kasuwa, suna iya goge tsohuwa mai kaushi har ta yi sheƙi su sa ta a sabon kwali. Ka tafi da 'yar auduga a aljihu, ka ja ta a kan tsirkiyar daga farko har ƙarshe. In ko zare ɗaya ya maƙale, ajiye musu kayansu. In kuma mai shago ya cika washe maka baki, fita ka shiga na gaba.

Ka gaida 'Yardada da kyau. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Ɗantani

* * *

Aminina Audu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kowa lafiya, yaya jikin 'Yardada? Allah ya ƙara sauƙi. Saƙo ya iso ta hannun direban da ka ba, Allah ya saka da alheri, ya bar mana kai. Kada ka ji haushi, ni ma sai da na sake gwadawa. Ba kai nake zargi ba, idonka nake zargi, na ga kamar ya fara bin sawun kunnen. Na ja auduga, na ja bakin gyalen Talatu, babu wanda ya maƙale. Ta gaske ce.

Da na ɗaura su sai wuyan jitar ya ɗan sunkuyo, saboda sun fi tsofaffin ƙarfin ja. Na ƙara ɗaure ƙarfen da ke cikin wuyan kaɗan, na bar ta ta huta, ta miƙe. Wadda ta fi kowa murna Talatu ce. Ka san al'adarmu ta dafa tsohuwar tsirkiya a ruwan zafi in ta dushe, don dattin hannu ya fita muryarta ta dawo. Shekara da shekaru muna rigima a kan haka, wai na mayar mata da tukunyar miya wurin wankin ƙarfe. Da na gaya mata wannan ba a dafa ta, tsumma kawai ake sawa a goge, kuma tana shekaru ba a canza ba, sai ta ce Allah ya yi wa Nazeer albarka. Na ce ta riƙe albarkarta tukuna.

Zan gaya maka gaskiya ko da ba na so. Muryarta ta yi mini daɗi. Babu wannan ƙarar ƙarfe-ƙarfen, sauti ne mai zurfi mai nauyi, kamar dattijo yana magana daga cikin soro. Da farko yatsuna sun yi ta wuce inda na aike su, amma kullum bayan azahar sai in shige ɗaki in yi ta bi har la'asar. Yanzu sun san hanya. Wanda yake jiran in zame zai daɗe yana jira.

Sai dai ga wata sabuwa. Na leƙa situdiyo na tarar da baƙo, wani dogo mai tabarau, sunansa Abdulhakeem, wai daga Ƙofar Dawanau. Suna zaune da Nazeer suna ƙus-ƙus, ina shiga suka yi tsit. Idonsa kuwa tun daga bakin ƙofa yana kan jitata. Na ce a raina, to ga magajin nan an kawo shi ya ga wuri. Da ya taso gaishe ni ya miƙo hannu biyu, sai na kama na hagun na riƙe gam, ina tambayar sa mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ban sani ba, ina laluben kan yatsunsa da babban yatsana. Audu, laushi kamar na amarya. Babu kanta ko ta magani. Na lalubi na daman ma, haka. Hannun nan tun da aka haife shi bai taɓa danna tsirkiya ba. Na yi ajiyar zuciya, har na ja shi da wasa. Ashe mutumin kwamfuta ne.

Duk da haka ban saki jiki ba. Mutumin kwamfuta me ya haɗa shi da kallon jita? Nazeer ya ce in zo ranar Asabar, wai ba waƙa za a ɗauka ba, gwajin sabuwar tsirkiya za a yi. Ina jin ranar ce aka ware don a ga kasawata. Ka taya ni da addu'a.

A gaida yara da mutanen gida.

Amininka,
Ɗantani

* * *

Audu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya kamar yadda muke. Yau kam sai ka yi mini barka.

Na je ranar Asabar ɗin. Babu mawaƙi ko ɗaya, daga Nazeer sai Abdulhakeem. Suka zaunar da ni, suka rufe ƙofa, har fanka suka kashe don kada ƙararta ta shiga. Wai ba kiɗa zan yi ba. Sauti ɗaya-ɗaya zan riƙa bugawa: in danna gaɓar farko ta wuyan jita in buga, in bar shi ya yi ta amo har ya mutu da kansa, sannan in matsa gaɓa ta gaba. Haka tun daga saman wuya har ƙasa, a kan kowace tsirkiya. Kowanne kuma sai na buga shi a hankali, sannan da ɗan ƙarfi, sannan da ƙarfi sosai. Nan take na gane nufinsu, so suke su ji inda hannuna zai yi rawa. Na ce bismillah.

Wallahi ko lokacin ƙuruciya ban taɓa fitar da sauti mai tsabta irin na ranar ba. Ko ɗigon ƙarar yatsa babu. Abdulhakeem yana kallon kwamfuta yana gyaɗa kai, yana ta masha Allah Baba, a ƙara mana wannan. Da muka gama sai ma na ƙara musu da abin da ba su tambaya ba, yadda nake jan sauti ya gangara, da yadda nake kashe shi da tafin hannu. Na ce su ɗauka su ajiye, su ga yadda manya suke yi.

Aka kawo balangu mai zafi da lemo mai sanyi, aka ce duk nawa ne. Nazeer bai ci ba. Tun da muka fara bai yarda mun haɗa ido ba, da zan tafi kuma shi ya ɗaukar mini jita har cikin adaidaita. Na san kunya ce take cin sa, tarkonsa bai kama ba. Na yafe masa a zuciyata, ɗan Bashir ne. Amma naman nan ya tsaya mini a rai. Ya yi yawa, Audu. Gwajin tsirkiya bai kai a sayo wa mutum wannan uban nama ba.

Talatu tana gaida 'Yardada. Allah ya sada mu da alheri.

Ɗantani

* * *

Aminina Audu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta iyali. Na ga takardarka kana cigiyar shiruna. Ka yi haƙuri, rai ne ba daɗi.

Tun ranar balangun nan ba a sake kira na ba. In na tambaya sai a ce kasuwa ce ta yi sanyi. Nazeer kuma ya tsiri zuwa gaishe ni duk Juma'a, ya durƙusa, ya tambayi lafiya, maganar aiki kuwa ko uffan.

Rannan da hantsi ina wucewa ta bakin Kurmi, wajen masu tura waƙa a waya, sai na ji an saki wata sabuwar waƙar situdiyonsa. Na tsaya cak har mai kura ya kusa ture ni. Jitata ce, Audu. Muryarta ce da sabuwar tsirkiyar, har da gangarar nan tawa. Amma ni ban taɓa jin waƙar ba balle in kaɗa ta. Na koma gida a fusace, na tarar da jita a bayan ƙofa inda na bar ta. Sai shaiɗan ya raya mini Talatu ce take ba da ita aro in na fita, tunda dama ta sa wa yaron albarka. Na kuwa buɗe baki na faɗa mata. Kallona kawai ta yi, ta ɗauki gyalenta ta shiga maƙwabta. Har yau tuwo take ajiye mini ba magana, kuma ita ce da gaskiya.

Washegari na saɓa jita na tafi Shahuci ba tare da an kira ni ba. Tun daga matakala nake jin kaina ina kiɗa a ciki. Na tura ƙofa. Abdulhakeem ne zaune gaban fiyano yana dannawa da yatsun nan nasa masu laushi, duk inda ya taɓa sai jitata ta amsa. Sautukan da na buga musu ɗaya-ɗaya ne suka zuba a cikin fiyanon. Dalilin mai sulɓi ke nan, tsabtataccen sauti suke nema wanda zai jeru ba tare da ƙarar yatsa ba. Ni kuwa ina can ina laluben kanta a hannun mutane.

Nazeer ya zube ƙasa. Ya ce mawaƙan yanzu da rana suke zuwa, kafin magariba sun tafi da waƙarsu, ba sa jiran a yi gwaji da mai jita. Ya ce ya rasa bakin da zai gaya mini. Ya ce ya ga gara muryata ta zauna a ciki da ta wani. Na faɗa masa maganganun da ban taɓa zaton zan faɗa wa ɗan Bashir ba. Sannan na ce ko jariri ya san bambancin hannun mutum da akwati, kuma yanzu-yanzu za a gwada. In kaɗa waƙar, Abdulhakeem ya kaɗa ta, a ɗauki duka biyun, in juya baya a sako mini in nuna nawa. Nazeer ya yi ta roƙon Allah da Annabi a bar maganar. Na ƙi.

Aka sako na farko, aka sako na biyu. Ko jinkiri ban yi ba. Na ce na farkon nawa ne, su ji yadda yake numfashi. Na biyun kuwa gawa ce, ga shi nan yana jan ƙafa a bayan ganga, babu rai ko kaɗan. Sai Nazeer ya yi wuf ya ce Baba ya canka daidai, sun tuba, daga yau duk waƙar da za a yi da ni za a yi ta. Abdulhakeem kuwa tabaransa ya cire yana gogewa.

To na koma bakin aikina. Ya kamata in yi murna, kuma na yi. Saurin amsar yaron ne kawai bai kwanta mini ba.

Ka sa 'Yardada ta kira Talatu ta ba ta haƙuri a madadina, ita tana jin maganarta. Na gode.

Naka har kullum,
Ɗantani

* * *

Audu ɗan'uwana,

Gaisuwa mai yawa gare ka da iyali, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Ka gode mini wa 'Yardada, Talatu ta huce, jiya har da man shanu a miya.

Yanzu kira na ake yi fiye da da. Su sa mini abin sauraro a kunne, in ji waƙa in ji kaina, in kaɗa, Nazeer ya jinjina mini, mawaƙa su ce sannu Baba. Kullum sau ɗaya ake ɗauka, ba a taɓa cewa in sake ba. Wannan ne ya fara damuna. Ka san Bashir, sai ya sa mu maimaita waƙa har yatsa ya yi ƙuna, kuma ɗansa ba a banza ya tashi a gabansa ba. Akwai ranar da na yi kuskure a fili, na jira a tsayar da ni, ba a tsayar ba. Da waƙar ta fito na kasa kunne, babu kuskuren.

Shekaranjiya da aka tashi sallar la'asar na ce su yi gaba, zan naɗe kayana in biyo su. Na kama kebul ɗin jitata na bi shi da hannu. Ya shiga ɗan akwatin da yake kawo mini sauti a kunne. Daga akwatin akwai wani kebul da ya kamata ya wuce zuwa kwamfuta. Na bi shi ta bayan tebur. Kansa yana kwance a ƙasa, ba a jone da komai ba, har gizo-gizo ya yi saƙa a kansa.

Na daɗe a tsugune har jam'i ya wuce ni. Ba sai kowa ya gaya mini wanne ne nawa a ranar gwajin nan ba. Wanda na kira gawa mai jan ƙafa, ni ne. Ba fushi na ji ba, Audu, kunya na ji, da baƙin cikin da ban ji irinsa ba tun rasuwar Bashir. Na so in ɗora wa Nazeer kebul ɗin a kan tebur in yi ficewata. Amma yaron nan yana ɓata lokacin aikinsa, yana tsayar da mawaƙa masu sauri, yana sa su ce mini sannu, don kawai kada abokin ubansa ya zauna a gida. In na nuna na gani, na kunyata shi na kunyata kaina. Da na ji takunsu a matakala sai na mayar da kan kebul ɗin inda yake, na tura shi can ciki yadda ba za a san an taɓa ba. Nazeer ya shigo yana cewa Baba yau ka kashe mu da kiɗa. Na ce masa Allah ya yi albarka.

Kai kaɗai na gaya wa. Talatu ba ta sani ba, kuma don Allah kada 'Yardada ta ji. Gobe bayan azahar ma sun ce akwai aiki. Zan goge jita in tafi, kuma zan kaɗa da kyau.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira. Ka huta lafiya.

Amininka,
Ɗantani Jakara